Garin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa da hasken rana: yadda yake aiki da abin da ya hana shi isowa gidajenmu

A watan Mayun 2023 wasu masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka wallafa sakamakon wani gwaji a mujallar Nature Water. Sun ɗebi ruwa mililita 200, kamar cikin ƙaramin kofin shayi, suka zuba masa bakteriyar E. coli wajen miliyan ɗaya a kowace mililita. Sai suka barbaɗa wani gari a ciki, suka motsa, suka ajiye a rana. Bayan daƙiƙa 60 da suka auna, ba su samu ƙwaya ko ɗaya mai rai ba. Daga nan suka sa maganaɗisu suka janye garin daga ruwan, suka sake aiki da shi har sau 30.

Duk wanda ya taɓa jinyar yaro mai gudawa ya san abin da irin wannan labari yake nufi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 aƙalla mutum biliyan 1.7 ne ke shan ruwan da bahaya ya gurɓata. A Najeriya kuwa, annobar kwalara ta 2021 ta kama sama da mutum 100,000, ta kashe fiye da 3,000, kuma jihohin arewa irin su Bauchi, Kano, Jigawa da Zamfara ne suka fi jin jiki. To idan har akwai garin da zai tsarkake ruwa cikin minti guda, ga rana kuma kyauta, me ake jira? Da yake a wannan fannin nake karatuna, bari mu bi abin daki-daki.

Rana ta daɗe tana wannan aiki

Tun a 1877 wasu Turawan Ingila biyu, Downes da Blunt, suka nuna cewa hasken rana yana hana bakteriya yaɗuwa. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, Farfesa Aftim Acra na Jami'ar Amurka da ke Beirut ya lura cewa ruwan da aka zuba a kwalba mai garau aka bar shi a rana, ƙwayoyin cutar da ke ciki suna mutuwa. Daga baya cibiyar binciken ruwa ta Eawag a Siwizalan ta tace dabarar ta yaɗa ta a duniya da sunan SODIS: ka cika gorar roba mai garau da ruwa, ka kwantar da ita a rana awa 6, in kuma akwai hadari sosai, kwana biyu a jere.

Dabarar tana aiki, sai dai tana da jinkiri, kuma ruwan da za ta tsarkake a lokaci guda kaɗan ne. Abin da masu binciken nano suke ƙoƙarin yi shi ne su samar wa rana mataimaki, ta yadda aikin awa shida zai koma na mintuna.

Me ake nufi da nano?

Nanomita ma'auni ne na tsawo. Ka raba mita ɗaya gida biliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kai yakan kai nanomita 50,000 zuwa 100,000. Tsawon bakteriyar E. coli wajen nanomita 2,000 ne. Su kuwa ƙwayoyin garin da muke magana a kai ba sa wuce nanomita 100, wasu ma 20 ne kacal. Kenan a wajen ita bakteriyar ma, su ƙura ne.

Me ya sa ake son su ƙanana haka? Duk matar da ta taɓa jiƙa kanwa ta san amsar. Dunƙulen kanwa yakan ɗau lokaci kafin ya narke, amma in an daka shi, nan da nan ya bi ruwa, saboda an ƙara yawan fuskar da ruwa ke taɓawa. Haka abin yake a nan, sai dai shi wannan garin ba narkewa yake yi ba. Duk aikin a kan fuskar ƙwayar yake faruwa, don haka gwargwadon ƙanƙantarta, gwargwadon yawan wurin aiki. Akwai wani garin titaniyam dayoksaid da ake kira P25, wanda kusan kowane ɗakin gwaji a wannan fanni ke auna sabon abu da shi. In da za a shimfiɗa fuskokin ƙwayoyin da ke cikin giram ɗaya nasa, za su rufe wajen murabba'in mita 50, kamar daɓen ɗakuna uku.

Yadda haske ke tayar da garin

Titaniyam dayoksaid ba baƙon abu ba ne. Shi ne ke ba farin fenti farinsa, yana cikin wasu man goge baki da man shafawa na kare fata daga rana. A ƙarshen shekarun 1960 wani ɗalibin digiri na gaba a Jami'ar Tokyo, Akira Fujishima, ya lura cewa in aka haska shi a cikin ruwa, sai kumfar iska ta riƙa tasowa. Hasken ne ke sa shi farfasa ruwan. Shi da malaminsa Kenichi Honda suka wallafa wannan a mujallar Nature a 1972. A 1985 kuma Tadashi Matsunaga da abokan aikinsa, su ma a Japan, suka nuna cewa garin da aka haɗa da ɗan filatinam yana kashe E. coli da yis idan an haska shi. Daga nan fannin ya buɗe.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Haske yana zuwa ne a 'yan ƙananan ƙunshi na makamashi da ake kira foton, kuma kowane launi da ƙarfin nasa. Foton na jan haske ba shi da ƙarfi sosai, na shuɗi ya fi shi, na ultrabayolet, wanda ido ba ya gani, ya fi su duka. A cikin ƙwayar garin akwai elektoron da ke zaune a matakin ƙasa, akwai kuma matakin sama inda in sun hau za su iya yawo. Tsakanin matakan biyu akwai tazara, kamar kwatar da sai an yi tsalle a ƙetare. Foton mai isasshen ƙarfi in ya bugi elektoron, sai ya cilla shi sama, ya bar gurbi a ƙasa. Wanda ƙarfinsa bai kai ba, ko guda nawa suka zo, ba abin da zai motsa.

Yanzu muna da abu biyu: elektoron mai yawo da gurbin da ke neman cikewa. In suka kai fuskar ƙwayar, kowanne sai ya kama abin da ya tarar. Gurbin ya fizgi elektoron daga jikin ruwa, sai a samu wani ɓarɓashi mai tsananin zafin nama da ake kira haidiroksil. Shi kuma elektoron ya maƙale wa iskar oksijin da ke narke a ruwan, a samu sufa-oksaid, daga shi kuma a samu haidirojin faroksaid. Wannan na ƙarshen kun san shi: shi ne ruwan da ake sayarwa a kemis, wanda in an zuba a ciwo yake kumfa.

Waɗannan su ne masu kisan. Suna fara cin fatar bakteriya, wadda akasarinta maiƙo ne da furotin, har ta huje. Abin da ke cikin ƙwayar ya fara tsiyaya waje, su kuma su kutsa ciki su lalata sinadaran da take rayuwa da su, har da ƙwayar halittarta ta DNA. Maganin antibayotik yakan nufi wuri guda ne a jikin bakteriya, shi ya sa in ta sauya wannan wurin sai ta bijire masa. Wannan farmakin ta ko'ina yake zuwa, don haka bijire masa ya fi wuya.

Shi garin kansa ba ya ƙarewa. Aikinsa irin na dillali ne: ya haɗa haske da ruwa da oksijin, ciniki ya faɗa, shi yana nan yana jiran na gaba. Wannan shi ne abin da masana ke kira fotokatalisis. Su kuma ɓarɓashin, in sun gama sai su koma ruwa da oksijin.

Matsaloli biyu da suka ci shekaru

Ta farko, tazarar da ke cikin titaniyam dayoksaid tana da faɗi. Hasken ultrabayolet kaɗai ke iya ƙetarar da elektoron, wato wanda tsawon zangonsa bai kai nanomita 390 ba. Irin wannan hasken kuwa bai wuce kashi 5 cikin 100 na makamashin ranar da ke iso ƙasa ba. Hasken da ido ke gani, wanda ya haura kashi 40, wucewa kawai yake yi.

Ta biyu, elektoron da gurbinsa ba sa son rabuwa. Mafi yawansu kafin su kai fuskar ƙwayar sun sake haɗewa, cikin lokacin da bai kai ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa ba, makamashin ya tafi a ɗan zafi. An yi asarar foton kenan.

Kusan duk binciken da aka yi cikin shekaru 25 da suka wuce, a kan waɗannan biyun yake. A 2001 Ryoji Asahi da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta kamfanin Toyota suka nuna cewa in aka cusa ɗan naitirojin a cikin titaniyam dayoksaid, yakan fara amsa hasken da ido ke gani. Wasu kuma suna ɗiga ƙananan ƙwayoyin azurfa, jan ƙarfe ko filatinam a jikin garin, don su riƙe elektoron su hana shi komawa gurbinsa.

Wasu suka ce a nemi wani abu daban mai gajeriyar tazara. Ɗaya daga cikinsu shi ne kabon naitiraid, wanda ya yi suna tun daga 2009. Ba ƙarfe a cikinsa, yana amsa shuɗin haske, kuma abin da zai ba ku mamaki, daga yuriya ake iya yin sa, sinadarin nan dai da ke cikin takin zamani. Ana zuba yuriyar a ɗan kasko mai murfi, a gasa a tanderun ɗakin gwaji a zafin digiri 550 na 'yan awanni. Ranar da na fara yi, da na buɗe kaskon sai na ɗauka na ɓata aikin, don abin da na tarar ɗan gari ne rawaya mara nauyi, bai kai ɗaya bisa goma na abin da na zuba ba. Ashe haka yake, sauran duk ya tashi a iska, akasari amoniya. Wannan kaɗai ya isa dalilin da ba a gwada shi a gida.

Su mutanen Stanford molibdinam salfaid suka zaɓa. A 2016, ƙarƙashin Farfesa Yi Cui, sun ƙera wani ɗan faifai da bai kai kan sarki girma ba, an jera masa siraran bangaye na wannan sinadari a tsaitsaye, aka lulluɓe da jan ƙarfe. Da aka jefa shi cikin ruwa mililita 25 aka haska, ya kashe sama da kashi 99.999 na bakteriyar cikin minti 20. Garin 2023 ƙanen wannan ne: sun haɗa molibdinam salfaid da jan ƙarfe da alminiyam oksaid, suka ƙara oksaid na baƙin ƙarfe don maganaɗisu ya iya kama shi.

Ku lura da waɗannan tara-taran, ba ado ba ne. In ruwa yana da ƙwaya miliyan ɗaya a mililita, aka kashe kashi 99, saura 10,000. In aka kashe kashi 99.999, saura 10. Ƙa'idar ruwan sha kuwa ita ce kada a samu E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100. Don haka in ka ga talla an ce abu yana kashe kashi 99, ka tambaya: cikin nawa?

To me ya hana shi shiga kasuwa?

Abu na farko shi ne ruwan kansa. Yawancin gwaje-gwajen nan da tataccen ruwan ɗakin gwaji ake yin su, wanda aka zuba wa bakteriya iri ɗaya ko biyu. Ruwan rijiya ko na kududdufi daban ne. Laka tana tare haske, ta kuma ba ƙwayoyin cuta mafaka. Ruɓaɓɓen ganye da sauran dattin da ya narke a ruwa suna cinye ɓarɓashin kafin ya kai ga bakteriya, domin shi haidiroksil ba ya zaɓe, abin da ya fara tarar shi zai ci. Gishirin baikabonet, wanda ke da yawa a ruwan ƙarƙashin ƙasa, shi ma yana kashe masa kaifi. Na ga wannan da idona. Garin da ya yi mini aiki lafiya lau a tataccen ruwa, da na gwada shi a ruwan wata rijiya, sai da na ƙara lokaci sosai, kuma washegari da na duba faranti, ga bakteriya nan sun tsiro.

Na biyu, raba garin da ruwan. Gari a warwatse ya fi aiki, amma ba wanda ke so ya sha shi. In aka manna shi a jikin gilashi ko yumɓu, an huta da tacewa, sai dai fuskar aiki ta ragu, sauri ya ragu. Dabarar maganaɗisu amsa ce mai kyau, amma sai an tabbatar ba abin da ke saura, kuma jan ƙarfe ko azurfar da ke jiki ba sa zagwanyewa cikin ruwan bayan an daɗe ana amfani. Ba ƙaramar magana ba ce. A 2021 hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ce ba za ta iya ci gaba da tabbatar da amincin titaniyam dayoksaid a matsayin abin sawa a abinci ba, kuma a 2022 Tarayyar Turai ta hana sa shi. Ba cewa suka yi an kama shi yana cutarwa ba, cewa suka yi shakkar da ake da ita a kan ƙananan ƙwayoyinsa ba ta kau ba.

Na uku, yawa. Haske ba ya nisa a cikin ruwan da gari ya cika, don haka abin da ya yi aiki a kofi ba lallai ya yi a duro ba. A cibiyar binciken makamashin rana da ke Almeriya a kudancin Sifaniya, an shafe shekaru ana gwada bututun gilashi da aka jera a kan madubai masu lanƙwasa, don haske ya game ruwan ta kowane ɓangare. Suna aiki, amma ga tsada, ga buƙatar mai kula. Kuma rana ba kullum take ɗaya ba: hadarin damina da ƙurar hunturu duk suna rage ultrabayolet ɗin da ke iso ƙasa.

Na huɗu, ƙwayoyin cuta ba ƙarfinsu ɗaya ba. E. coli tana cikin masu saurin mutuwa, shi ya sa ake yawan gwaji da ita. Bakteriyar da ke shiga ƙwanso ta kwanta, da ƙwan wasu ƙananan halittu irin su kiriftosforidiyam, sun fi taurin kai nesa ba kusa ba.

Na biyar, wanda a ganina ya fi duka shafar gidajenmu: da an janye garin ko rana ta faɗi, kariya ta ƙare. Nan ne kulorin ya yi fice. Yana da nasa aibin, ga wari, ga wasu sinadarai marasa kyau da yake haifarwa in ya haɗu da datti, kuma kiriftosforidiyam ba ta cika jin sa ba, kamar yadda aka gani a birnin Milwaukee na Amurka a 1993, inda mutum wajen 400,000 suka kamu ta ruwan famfo. Amma kulorin yana saura a cikin ruwa yana gadi. Mu kuwa sau da yawa ba a rijiya ruwa ke gurɓata ba, a hanya ne: jarkar ɗan garuwa da ba a wanke ba, randar da ba murfi, moɗar da yaro ya ajiye a ƙasa ya sake tsomawa. Ruwan da aka tsarkake da haske tsaf, in ya shiga irin wannan randar, an koma gidan jiya.

Abin da za ka iya yi yau

Kada kowa ya ji an ce farin fenti yana da titaniyam dayoksaid ya je ya zuba wani abu a ruwan sha. Na fenti ma da gangan ake lulluɓe shi don kada haske ya tayar da shi. Haka kuma duk wani gari ko dutse da aka tallata maka da sunan nano, ba tare da rajistar hukuma ba, ka bar shi inda ka gan shi.

Abin da aka tabbatar yana nan. Tafasa ruwa yana kashe bakteriya da bairos da ƙwan ƙananan halittu. Kulorin na ruwan sha, a bisa awon da aka rubuta a jikinsa, yana aiki. Ita ma dabarar gora a rana tana aiki in an bi ƙa'ida: gorar roba mai garau irin ta ruwan sha, wadda ba ta wuce lita 2 ba kuma ba ta kakkarce ba, a kwantar da ita a kan kwanon rufi awa 6. Sharaɗin shi ne ruwan ya zama garau. In ya yi gauraye, a bar shi ya kwanta, ko a sa alam ko dakakken irin zogale, sannan a tace da tsumma mai tsabta. Gwajin mai sauƙi ne: ɗora gorar a tsaye a kan babban rubutun jarida, ka leƙa ta baki. In kana iya karantawa, ruwan ya yi. A sha daga gorar, ko a zuba a kofi mai tsabta. A kuma tuna cewa wannan dabarar ba ta cire dalma ko gishiri ko maganin feshi daga ruwa.

Game da garin nano kuwa, ina ganin inda zai fara amfani shi ne ƙananan na'urori na asibitin karkara, makaranta ko sansanin 'yan gudun hijira, inda ake tace ruwa tukuna, akwai kuma mai kula. A nan ne masu bincike na ƙasashe irin namu ke da aikin da wani ba zai yi mana ba, wato gwada waɗannan kayan a ruwan rijiyoyinmu, a ranar Afrilu da ta Agusta da ta Janairu.

Kafin nan, duk lokacin da kuka ga labarin wani sabon gari mai tsarkake ruwa, ku yi masa tambaya biyar. Da wane irin ruwa aka gwada? Lita nawa? Da rana ko da fitilar ɗakin gwaji? Yaya aka cire garin? An sake auna ruwan bayan awa 24? Labarin da ya amsa duka biyar ɗin, shi ne wanda ya kusa isowa randa.